Malam Iliya a Ajin Turanci

A ƙaramar sakandare, babu abin da ke kashe littafin labari kamar allo. Malamin Turanci zai cika shi da taƙaitaccen bayanin babi, sunayen taurari da jigo, yara su kwafe su haddace saboda jarrabawar aji uku. Zango ya ƙare, yaro ya san jigo ramuwar gayya ce, amma bai taɓa karanta shafi biyar a jere ba.

Ɗauki The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960. Marubucin ɗan ƙabilar Ibo ne, amma a Minna aka haife shi a 1921, kuma ya san Arewa. Littafin ɗan siriri ne: wani dattijo, Malam Iliya, a cikin jirgin ƙasa yake ba wani saurayi labarin yadda ya samu matarsa Zara a wasan shanci, da shekarun da ya kwashe yana farautar wani Usuman da ya raba shi da ita. Duniyar labarin ba baƙuwa ba ce ga ɗan Kano. Turancin ne kaɗai baƙo, kuma wannan rabin aikin malami ne aka rage masa.

To, malami ya fara karantawa da bakinsa, da murya mai hawa da sauka. Ko da kwafi goma ne a aji mai yara saba'in, kunne ba ya buƙatar kwafi. Ya tsaya daidai inda rai ya tashi, kamar yadda kaka ke yi a tatsuniya, ya ce sai gobe. Kada a tsaya fassara kowace kalma mai wuya; a zaɓi biyar, sauran labari zai bayyana su.

Sannan a yi musu tambayar da ba ta da amsa a allo: shin Iliya ya kyauta da ya ƙarar da rayuwarsa wajen bin mutum ɗaya? Nan za ka ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tana jayayya. Wasu malamai na hana Hausa a wannan gaɓa, ni kuwa ina ganin kuskure ne. A bar su su yi gardama da harshen da suke tunani da shi na minti goma, sannan kowa ya rubuta hujjarsa da Turanci cikin jimla biyar, ya nuna shafin da ya samo ta. Wannan rubutun shi malami zai bi da jan biro.