Dalilin kiran injiniya ya duba gida kafin a biya kuɗinsa

A mafi yawan cinikin gidaje a biranen Arewa, mutum uku ne ke zagaya gidan: mai sayarwa, dillali da mai saye. Biyu daga cikinsu ribarsu tana ga a ƙulla ciniki, domin dillali ba ya samun la'ada sai kuɗi sun shiga hannu. Na ukun, wanda zai zuba tarin shekaru ko kuɗin sallamarsa daga aiki, shi ne ya fi ƙarancin sanin abin da ke ƙarƙashin sabon fenti. Wannan giɓi ne binciken ƙwararre mai zaman kansa yake cikewa, muddin mai saye ne ya nemo shi, kuma shi ya biya shi.

Ana yawan gauraya ayyuka uku. Mai ƙiyasta daraja yana faɗin kuɗin da gida ya kai a kasuwa, kuma idan banki ne ya turo shi, bashin bankin yake karewa. Safiyo yana auna fili ya tabbatar da iyakoki. Lafiyar ginin kuwa aikin injiniyan gine-gine ne, wanda ya kamata a tabbatar yana da rajista da hukumar COREN.

Abin da injiniya ya fi sa wa ido shi ne tsagewa. Siririyar tsaga a fuskar filasta sau da yawa ba ta wuce bushewar siminti ba. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana faɗi a gefe guda, alama ce harsashin gini yana nutsewa, musamman idan ƙofofi sun daina rufuwa daidai. Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano, inda aka cike kududdufai da shara da ƙasa aka yi gini a kai. Irin wannan ƙasa takan ɗauki shekaru tana zama, tana jan ginin tare da ita. A gidan bene zai duba ƙarƙashin dakin: rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren da ya rufe shi. Zai kuma tambaya ko an ɗora hawan sama ne a kan harsashin da tun farko aka yi wa gida mai hawa ɗaya. Daga nan sai danshin da ke hawa bango daga ƙasa, ɓarnar gara a katakon rufi, wayoyin lantarki, da tazarar da ke tsakanin masai da rijiya.

Lokaci ma yana da tasiri. Gidan da aka duba da rani yana ɓoye yoyo da hanyar ruwa, a watan Agusta kuwa komai a fili yake. Idan ciniki ba zai jira damina ba, layin da ruwa ya bari a katangar maƙwabta, wadda ba a yi wa fenti ba, ya fi bakin dillali gaskiya.

Doka ba ta cika ceton wanda ya yi sakaci ba. Tsarin da Najeriya ta gada daga Ingila ya ɗora wa mai saye nauyin lura da aibin da bincike zai iya ganowa. Ko a fiƙihu, da ya ba da zaɓin mayar da abin saye saboda aibi, sai an tabbatar aibin ya riga ciniki, abin da ke da wuya bayan an shekara a gida.

Rahoton injiniya ya zama a rubuce, da hotuna da ƙiyasin kuɗin gyara, domin da shi ake neman ragi ko a fasa. A samo shi kafin a ba da kafin alƙalami. Bai kuma maye gurbin binciken takardu ba: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili mai takardar shaida, kuma a ofisoshi irin su KANGIS a Kano ko AGIS a Abuja ake gano ko an jinginar da gidan a banki. Idan gidan gado ne, sai an tabbatar dukkan magada sun yarda a sayar.