Jinyar Mai Ciwon Daji Aikin Gayya Ne

'Yan'uwa manoma, mu da muke zaune a Hanwa, tsakanin Sabon Gari da Samaru, muna bakin hanyar asibiti. Tun shekara ta 2005 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Shika, gaba da Samaru a kan hanyar Funtuwa. A can akwai sashen da yake lura da masu ciwon daji, wato sankara. Mutane suna zuwa daga ƙauyuka masu nisa, waɗansu kuwa sukan sauka a gidajen danginsu a unguwanninmu. Saboda haka wannan magana ta shafe mu.

Abin da muke so mu faɗa ɗaya ne. Maganin ciwon daji doguwar tafiya ce, sau da yawa kuma akan yanke ta a tsakiya, gama kuɗi sun ƙare, mai jinya ta gaji, gona ta zama saura. A nan ne ƙungiyarmu take da aiki.

YADDA MAGANIN YAKE

Da fari likita yakan ɗebi 'yar tsoka daga wurin kumburin, a auna. Mutane sukan ce daji ba ya son ƙarfe, wai in an taɓa shi da allura sai ya bazu. Ba haka ba ne. Jinkiri ne yake ba shi zarafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bayan awo, magani iri uku ne aka fi yi: fiɗa, da ruwan magani ta jijiya wanda ake kira kemo, da gashi da na'ura. Kemo sau da yawa akan ba da shi bayan kowane mako uku, har sau shida ko takwas. Gashi kuwa yakan ɗauki kwana biyar a mako, makonni a jere. Ku lissafta, za ku ga ya kai tsawon damina guda ko fiye. Wanda ya yi noman fari ya ƙi maimai, ciyawa za ta cinye gonarsa. Haka yake ga wanda ya karɓi kemo sau biyu ya daina.

Kemo yakan sa tashin zuciya da kasala, gashin kai ya zube. Kada a firgita, gashi yakan sāke tsirowa. Amma in zazzaɓi ya kama mai karɓar kemo, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne, gama jikinsa ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta a lokacin.

ADDU'A DA ASIBITI

Waɗansu suna tsammani zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Mu duba Littafi Mai Tsarki. A 2 Sarakuna sura 20, Sarki Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurunsa. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne. Mu manoma mun sani, muna roƙon ruwa, amma ba mu rataye fartanya ba.

Saboda haka in wani ya ce a zubar da magani domin an riga an warke, kada a yarda. A yi addu'a, a koma wurin likita ranar da ya sa. Kada kuma mu ce wa mara lafiya zunubinsa ne ya jawo, ko sammu aka yi masa. Nauyin da yake ɗauke da shi ya isa.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

A Markus sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye zuwa wurin Yesu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawararmu:

1. Gona. A sa ranar gayya domin huɗa, da noma, da girbi. Iyalin da rumbunsu yake cike ba za su sayar da gona ba.

2. Asusu. Lokacin kaka kowane mamba ya ba da mudu na masara ko waken soya, a ajiye domin kuɗin mota da magani. Ma'aji ya rubuta kome a littafi.

3. Neman taimako. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun taimakon masu sankarar nono, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza, Shika kuwa tana cikin asibitoci shida da aka fara da su. A aiki mai ilimi ya raka iyalin, ya tambayi ma'aikatan asibiti yadda ake shiga.

4. Masauki. Wanda yake da ɗaki a Hanwa ko Samaru ya sauki baƙo. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta musafaha.

5. Hutun mai jinya. Zumuntar mata su yi karɓa-karɓa, da girki da wanki da lura da yara. A ba mara lafiya abinci kaɗan kaɗan: kunun gyaɗa, ƙwai, wake, da tafasasshen ruwa.

6. Rigakafi. Tun Oktoba 2023 Nijeriya ta fara allurar da take kare 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 daga sankarar bakin mahaifa. Mu kai 'ya'yanmu.

IN LIKITA YA CE BA WARKEWA

Wani lokaci ciwon yakan yi nisa. Ko a sa'an nan akwai maganin rage zafi, a roƙi likita ya rubuta. Kada mu yi wa ɗan'uwanmu ƙarya, kada kuma mu ɗauke ƙafa. Mu zauna kusa da shi, mu saurare shi, mu bar shi ya yi kuka in yana so, ya kuma tsara al'amuran gidansa. Begenmu bai tsaya a bakin kabari ba.

Muna roƙon kowane shugaban ƙungiya ya karanta wannan a taro mai zuwa, a tambaya: wa yake jinya a cikinmu, yaushe kuma za mu shiga gonarsa? Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya. Amin.