Gwarzo da Kabo: Yadda robar maganin feshi da mataccen batir ke zama guba a cikin gida

Da zarar damina ta kankama a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da ke yammacin Jihar Kano, kasuwar maganin feshi kan buɗe, tun daga Getso da Kutama har zuwa Garo da Durun. Sai dai ba kowa ke tambayar inda robar ke zuwa bayan maganin ya ƙare ba.

Wata a bar ta a bakin kunya, ruwan sama ya wanke ta zuwa rafi. Wata kuma a ɗauraye ta a kawo gida, a zuba man gyaɗa ko ruwan shan da yaro zai kai gona.

Ɗauraya ba ta raba roba da guba gaba ɗaya. Shawarar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa ita ce a wanke robar sau uku da zarar ta ƙare, a juye ruwan wankin cikin tankin feshi, sannan a huda ta don kada wani ya sake amfani da ita. Ko bayan haka, ba a zuba abin ci ko na sha a ciki, ba a kuma ƙona ta.

Batir da gubar dalma

Ƙarancin wutar lantarki ya sa gidaje da shagunan cajin waya sun koma ga sola, kuma kowane batir yana da ranar mutuwa. Irin batirin mota da na babur da galibin na sola yana ɗauke da dalma da ruwan batir mai ƙona fata.

Idan aka fasa shi a tsakar gida, ƙurar dalmar kan gauraya da ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Arewa ta riga ta ga illar wannan guba: a shekarar 2010, yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, bayan an riƙa niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙanƙantar dalma a jinin yaro tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Daga juji zuwa gona

A karkarar Kano, juji taki ne. Kafin shuka akan kwashe shi zuwa gona, tare da duk abin da aka watsa a ciki: batiran tocila, magungunan da suka lalace, kwalbar fiya-fiya da fasasshen dogon ƙwan lantarki mai ɗauke da zaiba. Abin da aka share daga ɗaki ke nan ya koma inda ake noma abinci.

'Yan gwangwan na rage wannan nauyi, domin suna sayen ƙarfe da dalma da roba su kai Kano a sake sarrafawa. Amma da yawansu yara ne da ke tonon bola da hannu, wasu kuma na ƙona waya don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin.

Mafita a kusa take

Aikin hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ya fi ƙarfi a birni. A karkara, nauyin na kan duba-gari da dagatai da masu unguwanni.

Abin da unguwa za ta iya yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ajiye duro mai murfi a shagon mai sayar da maganin feshi don tara hudaddun robobi. A sayar da mataccen batir ɗungurungum ga dillali, ba tare da an fasa ko an zubar da ruwansa ba. A ware ƙananan batira da magunguna daga sharar da za ta zama taki.

Ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata ta isa a riƙa tattara su, kafin wani yaro ya ɗauki robar ya nufi rijiya.