Kamfani ya durƙushe, na'ura na aiki: masu rubuta sababbin wasanni ga kwamfutocin 1982

A watan Disamba na 2017, wani ƙaramin rukunin masu tsara wasannin kwamfuta a Jamus mai suna Knights of Bytes ya fitar da sabon wasa da ya sanya wa suna Sam's Journey. An sayar da shi cikin kwali mai zane, kamar kowane sabon kaya da ke shiga kanti. Abin da ya bambanta shi da sauran wasannin shekarar shi ne na'urar da aka yi shi dominta, wato Commodore 64. Wannan kwamfuta ta shigo kasuwa a 1982, kamfanin da ya ƙera ta kuma ya karye tun 1994. Shekara 23 ke nan bayan rufe masana'anta, ga sabon kaya ya fito, ga kuma masu saye suna jira.

Wasan bai zo shi kaɗai ba. A kowace shekara ana fitar da sababbin wasanni ga Commodore 64 da ZX Spectrum da MSX da Apple II da Amiga, kwamfutocin gida da 'yan kasuwa suka daɗe da juya wa baya. Akwai masu rubutawa, akwai ƙananan kamfanonin da ke bugawa a kaset da faifai, akwai gasa da ake shiryawa. Wanda ya kalli lamarin daga nesa zai ɗauka kewar ƙuruciya ce kawai ke damun dattawan Turai. Kewar tana nan, amma ba ita ce ke rubuta wasa ba. Abin da ke rubuta shi sani ne na yadda na'urar take aiki ciki da waje, kuma wannan sanin ne ya hana ta zama tarkace.

Ƙaramin ɗaki, babban aiki

Sai an san ƙanƙantar waɗannan na'urori kafin a gane girman aikin. Commodore 64 ta samo sunanta daga ma'adanarta mai kilobayit 64. Hoto guda mai megabayit 3 da wayar hannu ke ɗauka a yau ya ninka wannan ma'adana sau 48. Ƙwaƙwalwarta, MOS 6510, tana bugawa kusan sau miliyan ɗaya a daƙiƙa, alhali ta wayar zamani tana buga biliyoyi. Launuka 16 kacal take nunawa. Duk da haka an fara sayar da ita a kan dala 595, kuma kundin Guinness ya amince cewa babu wani samfurin kwamfuta guda da ya kai ta kasuwa.

A Birtaniya kuwa, Clive Sinclair ya fitar da ZX Spectrum a watan Afrilu na 1982, mai kilobayit 16 a kan fam 125, mai 48 a kan fam 175. Maɓallanta na roba ne, talabijin ɗin gida ne allonta, rikodar kaset kuma ita ce ma'ajiyarta. Yaro zai saka kaset ya zauna yana sauraron ƙara mai kama da kukan gyare na wasu mintuna kafin wasa ya buɗe, in ya buɗe ke nan. Domin tsimin ma'adana, an raba allon zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo takwas tsaye takwas kwance, kowane murabba'i ba ya ɗaukar fiye da launi biyu. Saboda haka idan ɗan wasa ja ya gifta gaban koren itace, sai launin ɗaya ya ɓata ɗayan. Har yau duk mai zana wasa ga Spectrum da wannan ƙa'ida yake kokawa.

Wannan ƙuncin ne ya haifar da dabaru. Misali, guntun da ke kula da hoto a Commodore 64 ba ya iya riƙe fiye da surori takwas masu motsi a lokaci guda. To amma talabijin na zana hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. Sai masu rubuta manhaja suka gano cewa da zarar an gama zana wata sura a saman allo, ana iya ɗauke ta cikin ƙiftawar ido a sake amfani da ita a ƙasa, kafin zanen ya iso wurin. Mai kallo zai ga surori da yawa, alhali takwas ɗin nan ne ake juyawa. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da harshen na'ura tsantsa, inda marubuci ke ƙirga kowane bugun ƙwaƙwalwa kamar mai ƙirga canji.

Abin da na yau suka fi na da

Da yawa daga cikin sababbin wasannin sun fi na shekarun 1980 kyau da santsi, kuma akwai dalilai. Na farko, an shafe shekara 40 ana tona asirin waɗannan na'urori, an rubuta halin kowane guntu da ke cikinsu, har da kurakuran da masu ƙera su ba su san da su ba. Na biyu, marubucin yau ba ya aiki a kan tsohuwar na'urar kai tsaye. Yana rubutawa a kwamfutar zamani, ya gwada a manhajar kwaikwayo irin su VICE ko Fuse, waɗanda ke sa sabuwar kwamfuta ta yi halin tsohuwa, sannan daga ƙarshe ya gwada a kan na'urar asali. Na uku, babu wani ɗan kasuwa da ke tsaye a kansa yana cewa sai wasa ya fito kafin Kirsimeti. Yana iya ɗaukar shekaru.

David Murray, wani Ba'amurke daga Texas da aka fi sani da The 8-Bit Guy a YouTube, ya fitar da Planet X2 ga Commodore 64 a 2017, ya biyo da Attack of the PETSCII Robots, wanda ya fara da Commodore PET, na'urar da ta girmi Commodore 64, kafin wasu su kai shi kan na'urori da dama. A 2020 aka fitar da Nox Archaist ga Apple II, kwamfutar da ta fara fitowa a 1977. A ɓangaren MSX, tsarin da Microsoft da kamfanin ASCII na Japan suka ƙaddamar a 1983, ana gudanar da gasar MSXdev tun 2003. Wannan tsarin ne kamfanin Sakhr na Kuwait ya mayar da Larabci, ya zama kwamfutar farko a gidaje da makarantu da yawa na ƙasashen Larabawa. Spectrum ma ta yi 'ya'ya a wajen Birtaniya, domin an kwaikwayi ƙirarta a Tarayyar Sobiyet da Brazil, shi ya sa har yanzu masu rubuta mata wasanni suka bazu daga Rasha zuwa Sifaniya da Kudancin Amurka.

Akwai kuɗi a harkar, ko da ba masu yawa ba. A 2017 wasu masu sha'awa suka nemi gudunmawa a dandalin Kickstarter domin ƙera ZX Spectrum Next, sabuwar na'ura mai iya gudanar da tsofaffin wasanni da sababbi. Sun tara sama da fam 700,000. Rick Dickinson, wanda ya zana jikin Spectrum ta asali, shi ya zana wannan ma, kafin rasuwarsa a 2018. Zagaye na biyu a 2020 ya tara sama da fam miliyan 1.8.

Ƙarfe na tsufa, doka na tsaye

Abubuwa biyu ke barazana ga wannan sha'awa. Na farko shi ne jikin na'urorin. Batura da wasu ƙananan sassa na yoyo su cinye allon lantarki. Tsohuwar na'urar rage wuta ta Commodore 64 ta yi ƙaurin suna, domin idan ta lalace takan tura wutar da ta wuce kima ta ƙone guntayen da aka daina ƙerawa. Kaset da faifan maganaɗisu na rasa abin da ke cikinsu sannu a hankali. A 2024 kamfanin Zilog ya sanar da daina ƙera Z80 na asali, ƙwaƙwalwar da ke cikin Spectrum da MSX, bayan shekara 48 tana kasuwa. Masu sha'awa sun amsa da ƙera madadin sassa, da na'urorin da ke ba tsohuwar kwamfuta damar karanta katin ajiya irin na waya a maimakon kaset.

Na biyu shi ne haƙƙin mallaka. A watan Afrilu na 2019 wani marubuci da ke amfani da laƙabin ZeroPaige ya fitar da Super Mario Bros. a kan Commodore 64, bayan shekara bakwai yana aikin. Cikin 'yan kwanaki Nintendo, mai mallakar wasan, ya aika da takardun neman a sauke shi daga intanet. Doka na bayan Nintendo. Amstrad kuwa, wanda ya sayi harkar kwamfutocin Sinclair a 1986, ya bi wata hanya dabam: ya ba da izinin a rarraba manhajar da ke cikin Spectrum tare da manhajojin kwaikwayo, haƙƙin mallakar na nan a hannunsa. Wannan sassaucin na cikin abubuwan da suka sa Spectrum ta ci gaba da rayuwa. Girman matsalar ya fito fili a 2023, lokacin da binciken Video Game History Foundation ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa.

Wasu gwamnatoci sun fara kallon lamarin a matsayin gado. A 2020 Finland ta saka al'adar masu gasar nuna gwaninta da hoto da sauti a kan kwamfuta, wadda ta samo asali daga waɗannan na'urori, cikin jerin al'adunta na gargajiya. Jamus ta bi sahu a 2021.

Labarin faifan da ya ɓace

Labarin Prince of Persia ya tattara komai wuri guda. Jordan Mechner ya fitar da wasan a 1989 ga Apple II, ya yi suna a duniya, amma ba a taɓa fitar da shi a hukumance ga Commodore 64 ba. Da wani marubuci mai laƙabin Mr. SID ya ɗauki aniyar cike giɓin, sai ya tarar ainihin rubutun wasan ya ɓace, har a hannun mai shi. Dole ya warware wasan daga ƙarshe zuwa farko, umarni bayan umarni, kafin ya fitar da nasa a 2011. A shekarar da ta biyo baya, mahaifin Mechner ya aika masa da wani kwalin tsofaffin kaya, sai ga faifan a ciki. Samun faifan bai wadatar ba. Sai da aka gayyato masu sha'awar tsofaffin na'urori da kayan aikinsu suka karanto abin da ke ciki, sannan ya wallafa rubutun kowa ya gani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hukumomi ma sun sha irin wannan. A 1986 BBC ta shirya wani gagarumin kundin rayuwar Birtaniya domin cika shekara 900 da littafin Domesday, kundin ƙidayar filaye da dukiya na 1086. Yaran makaranta da dama suka tattaro bayanai da hotuna, aka zuba su a manyan faifan lesa guda biyu da sai wata kwamfuta ta musamman ke iya karantawa. Shekara 15 bayan nan, na'urorin da ke aiki sun kusa ƙarewa. A 2002 masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto kundin ta hanyar manhajar kwaikwayo, dabarar nan dai da masu wasanni ke amfani da ita. Littafin 1086 kuwa, da aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew, ana karanta shi.

Wannan darasi ya shafi duk ma'aikacin da ke cikin aikin mayar da fayilolin ma'aikatun tarayya daga takarda zuwa kwamfuta. Takardar da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ko Ibadan ko Enugu ido da haske kawai take buƙata. Fayil ɗin kwamfuta yana buƙatar na'ura, da manhaja, da mutumin da ya san su. Wasannin Commodore 64 sun tsira ne saboda an rubuta yadda na'urar take aiki an bar shi a buɗe, an yi kwafi da yawa a wurare dabam-dabam, kuma ana ci gaba da buɗe su lokaci zuwa lokaci, ta yadda in wani abu ya lalace za a gane da wuri. Ko ɗaya daga cikin ukun nan bai fi ƙarfin sashen adana bayanai na ma'aikata ba. Tambayar da ya kamata a yi wa duk ɗan kwangilar da ya kawo sabon tsarin ajiya ita ce: idan kamfaninku ya rufe, da me za mu buɗe waɗannan fayiloli?

Kamfanin Commodore na asali ya rufe a 1994, Clive Sinclair ya rasu a watan Satumba na 2021. Na'urorinsu kuwa, idan aka jona su da wuta aka saka wasan da aka rubuta bana, suna buɗewa.