Kalmar "Incidence": Yadda Ake Karanta Alƙaluman Kamuwa da Cuta

Rahoton zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2023 yana ɗauke da alƙaluma biyu da suke kamar suna ƙaryata juna. Na farko ya ce a shekarar 2000 an kamu da maleriya sau miliyan 243 a duniya, a 2022 kuwa sau miliyan 249. Wato an samu ƙari. Na biyu ya ce a tsakanin waɗannan shekaru kamuwa ta sauko daga 81 zuwa 58. Wato an samu ragi, ragi ma mai tsoka. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya sulhunta su kalmar Turanci ce guda, incidence, wadda sau da yawa masu fassara labarai ke mayar da ita "yawan", su wuce abinsu.

Asalin kalmar

Daga harshen Latin kalmar ta fito, daga aikatau incidere, wanda aka haɗa daga in, wato "a kan" ko "cikin", da cadere, wato "faɗuwa". Ma'anarta ta asali ita ce faɗowar wani abu a kan wani. Bahaushe ma haka ya kalli lamarin: mukan ce yaro ya auka rijiya, ɓarayi sun auka wa gari, sa'an nan mu ce abu ya auku. Don haka "aukuwa" ita ce ta fi kusa da kalmar. Sai dai a bakin likitoci da masu ƙididdiga incidence ba aukuwa guda ba ce. Ma'auni ce ta yadda abu ke yawan auka wa jama'a, kuma ba ta cika sai da ƙafafu uku, kamar murhu: sababbin kamuwa nawa, cikin mutum nawa, a tsawon wane lokaci.

81 da 58

Cikakken karatun alƙaluman nan shi ne: kamuwa 81 cikin kowane mutum 1,000 da ke zaune inda ake iya ɗaukar maleriya, a cikin shekara guda. A 2022 adadin ya koma 58, ragin kusan kashi 28 cikin 100. Idan aka juya lissafin baya, za a ga a 2000 kusan mutum biliyan 3 ne ke cikin haɗarin cutar, a 2022 kuwa sun kai wajen biliyan 4.3. Jama'a ta ƙaru, musamman a Afirka, shi ya sa jimillar ba ta sauka ba duk da cewa rabon kowane mutum dubu ya ragu. Da ma'aunin ya tsaya a 81, da an yi kamuwa wajen miliyan 348 a 2022. Tazarar kusan miliyan 100 da ke tsakani ita ce inda ake ganin aikin gidan sauro mai magani, da gwajin gaggawa, da magungunan zamani, da maganin rigakafin da ake ba yara da damina a ƙasashen Sahel.

Akwai kuma wani tarko. Miliyan 249 ba yawan mutane ba ne, yawan karon kamuwa ne. Yaron da zazzaɓi ya kayar sau uku tsakanin Yuli da Oktoba, sau uku zai shiga lissafi. Wanda ya rubuta "mutum miliyan 249 sun kamu" ya sauya abin da aka ƙirga.

Najeriya ce ke da kashi 27 cikin 100 na wannan jimilla, wato kamuwa kusan miliyan 67, da kuma kashi 31 na mace-mace 608,000 da cutar ta jawo a 2022. Nijar na da kusan kashi 6 na mace-macen. Idan aka raba miliyan 67 ga al'ummar Najeriya, za a samu kusan 300 cikin 1,000, fiye da ninki biyar na ma'aunin duniya.

Abokiyar tafiyarta, "prevalence"

Kalmar da aka fi rikita ta da ita ita ce prevalence, wadda asalinta a Latin ke nufin rinjaye ko fin ƙarfi. Ita tana ƙirga duk masu ɗauke da cuta a daidai lokacin da aka duba, sabo da tsoho. Ɗauki tashar mota. Motocin da ke shigowa cikin sa'a guda su ne incidence. Waɗanda ka tarar a ciki da ka leƙa su ne prevalence. Tasha na iya cika maƙil ba don ana shigowa da yawa ba, sai don waɗanda suka shigo ba su samu lodi sun fita ba. Saboda haka masana ke cewa, idan al'amura na tafiya daidai wa daida, yawan masu ɗauke da cuta yakan yi kusa da sababbin kamuwa sau tsawon zaman da cutar ke yi a jiki.

Binciken gida-gida da ake yi a Najeriya kan maleriya wannan ma'aunin yake bayarwa. Ana ɗibar jinin yara 'yan wata 6 zuwa 59, a duba da madubin likita. A 2010 an samu ƙwayar cutar a jinin kashi 42 cikin 100, a 2015 kashi 27, a 2018 kashi 23, a 2021 kashi 22. A binciken 2018, Legas na da kashi 2, Kebbi na da kashi 52. Kashi 52 ɗin nan bai ce rabin yaran Kebbi sun kwanta a shekarar ba. Ya ce a ranar da aka je, fiye da rabinsu na ɗauke da ƙwayar, har da waɗanda ke wasa a waje jikinsu bai ko yi zafi ba.

Inda ƙaruwa ke zama albishir

Ƙanjamau ce ta fi fito da bambancin fili. Alƙaluman hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar sun nuna a 2023 mutum miliyan 39.9 ne ke rayuwa da ƙwayar a duniya. Mai karatu zai iya cewa abin sai gaba yake yi. Amma sababbin kamuwa a shekarar miliyan 1.3 ne, alhali a 1995, lokacin da abin ya kai ƙololuwa, miliyan 3.3 ne. Mace-mace kuma sun sauko daga miliyan 2.1 a 2004 zuwa 630,000. Dalili shi ne magani: mutum miliyan 30.7 ke shan maganin rage kaifin cutar a 2023, daga miliyan 7.7 a 2010. Wanda a da zai rasu cikin 'yan shekaru, yanzu yana aure, yana haihuwa, yana tsufa, kuma kowace shekara yana nan cikin lissafi. Ƙofar shiga ta ƙuntata, ƙofar fita ta fi ta ƙuntata, sai ɗakin ya cika.

A watan Maris na 2019 aka bayyana sakamakon babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018: kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar, kusan mutum miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya. Ƙiyasin da ake amfani da shi kafin nan kashi 2.8 ne. Wannan ma ma'aunin masu ɗauke da ita ne, kuma saukarsa da rabi ba ta nufin rabin masu cutar sun warke. Babban abin da ya canja shi ne mudun awo: an bi gidaje an gwada mutane kai tsaye, maimakon dogaro da ƙiyasi daga asibitocin awon ciki.

Ƙasa babba da ƙasa ƙarama

A 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a duniya, wato 134 cikin kowane 100,000. Indiya ce kan gaba a jimilla, da kusan kashi 26 cikin 100, amma ma'auninta bai kai 200 cikin 100,000 ba. Na Najeriya 219 ne. Lesotho, wadda mutanenta ba su wuce miliyan biyu da 'yan kai ba, tana sama da 600. Wanda ke son sanin inda za a kai magani mafi yawa, jimilla zai duba. Wanda ke son sanin inda mutum ya fi kusa da kamuwa, ma'auni zai duba. A lura kuma da mudun: maleriya cikin 1,000 ake auna ta, tarin fuka cikin 100,000. Idan aka mayar da su mudu ɗaya, 58 na maleriya zai zama 5,800, ya ninka 134 fiye da sau 40.

Har ila yau, wanda aka gano daban, wanda ya kamu daban. Najeriya ta gano masu tarin fuka kusan 120,000 a 2019, sama da 285,000 a 2022, sama da 360,000 a 2023. Ma'aunin kamuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyastawa bai motsa daga 219 ba a waɗannan shekaru. Tarin bai ninka sau uku ba. Masu neman sa ne suka ƙara ƙaimi.

Rikicin lafazi da sauran ma'anoni

A Turanci, incident abu guda ne da ya faru, kamar haɗarin mota ko gobara. Jam'insa, incidents, a kunne kusan ɗaya yake da incidence, shi ya sa ake yawan ganin an rubuta ɗaya a gurbin ɗaya. Haɗarin da ya faru jiya a hanyar Kaduna incident ne. Yawan haɗurran da ke aukuwa a hanyar cikin shekara, idan an auna shi da yawan masu bin ta, shi ne incidence. Masana haraji na amfani da kalmar wajen nuna wanda nauyin haraji ke faɗawa kansa a ƙarshe, mai kanti ko mai saye. A darasin kimiyya kuma tana nufin faɗowar haske a kan madubi. Rahotannin lafiya na Nijar, da ake rubutawa da Faransanci, su ma da incidence da prévalence suke aiki, da wannan bambancin.

Yadda za a faɗe ta da Hausa

Ba sai an ƙirƙiro baƙuwar kalma ba. "Sababbin kamuwa" ta wadatar da incidence, "masu ɗauke da cutar" ta wadatar da prevalence, "waɗanda aka gano" kuma ta tsaya ga abin da asibitoci suka rubuta. Sharaɗin kawai shi ne kada a yanke wa jimla wutsiya. "Maleriya ta kai 58" ba labari ba ne. "A 2022 an samu sababbin kamuwa 58 cikin kowane mutum 1,000 da ke yankunan maleriya" ta fi tsawo da kalmomi goma sha ɗaya, amma ita ce mai sauraron rediyo a Birnin Kebbi ko Maraɗi zai iya ɗorawa a kan garinsu, ya ƙirga da kansa.