Furen Lalle a Tsakar Gida



A daren yau hirarmu a kan wata 'yar mas'ala ce wadda ba ta kai a ɗaga murya dominta ba, amma an daɗe ana yi mata gurguwar fahimta, ita ce shukar furanni a cikin gida. Da zarar an ambaci fure, ko fulawa yadda yaran zamani ke cewa, sai hankali ya tafi unguwannin da Turawa suka zauna, irin Nasarawa ta Kano, inda wata mai yaɗo mai jan fure take lulluɓe katangu, wadda asalinta daga Brazil ne, aka raɗa mata sunan Bougainville, wani jagoran jiragen ruwa Bafaranshe da ya yada zango a can a 1767. Daga nan sai a yanke hukunci cewa wannan ɗabi'ar Nasara ce, Bahaushe ba ruwansa da abin da ba a zuba wa a tukunya. Ni da na tashi a gidan ƙasa, a hannun kaka, ban yarda da hukuncin nan ba, hujjata kuwa itaciya ɗaya ce, wadda kowa ya san ganyenta amma kaɗan suka kula da furenta, wato lalle.

Dalilin da ya sa furen ya ɓoyu ga mutane ba shi da wuyar ganewa. Manomin da ke noman lalle don kasuwa ganye yake nema, saboda haka yakan sare shi tun yana gajere, ya shanya, ya kakkaɓe, ya jira sabon toho, ba ya ba shi sararin ya yi huda. Amma wanda uwargida ta dasa a kusurwar tsakar gida, ta bar shi ya yi shekaru ba a taɓa shi sai in biki ya taso an tsinki na ƙunshi, shi ne yakan miƙe har ya wuce tsawon mutum, rassansa su yi ƙaya don tsufa, sa'an nan ya fitar da cunkus na ƙananan furanni farare masu ratsin ɗorawa a bakin kowane reshe, waɗanda in ka dube su da rana ba za ka ce sun cancanci a juyo dominsu ba, amma in magariba ta yi, iska ta kwanta, aka shimfiɗa tabarmi don cin tuwo, sai ƙamshinsu ya cika gidan, ya tsallake katanga ya gai da maƙwabta.

Malamanmu sun san darajar wannan fure tun da daɗewa. Larabawa suna kiransa fagiya, an kuma ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana son sa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya ambace shi a babin magunguna na Zadul Ma'ad, ya bayyana fa'idarsa cewa in aka sa shi a cikin ninkin tufafin ulu yakan ƙamsasa su, ya kuma hana asu ci. Kakata ba ta taɓa jin sunan wannan malami ba, amma duk lokacin da lallenta ya yi huda sai ta tsinko, ta ƙulle a tsumma, ta jefa a ƙasan adaka tare da zannuwan sallarta. A garin Kannauj na Indiya har yau ana tatsar turare daga furen nan.

To, ina ya kamata a dasa shi? A nan ne hikimar matan da take, domin a ƙasar da ruwan sama ke ɗaukewa wata bakwai ko takwas, kuma kowane tulu sai an jawo shi daga rijiya ko an saye shi a hannun mai garuwa, zuba wa fure ruwa mai kyau safe da yamma israfi ne da maigida ba zai daɗe yana kawar da kai gare shi ba. Sai suka duba inda ruwa ke zuba ko an so ko ba a so ba, sau biyar a yini, wato wurin alwala, suka yi ɗan gurbi a bakin rariyar da ke kwashe shi, suka cika da ƙasar jigawa da busasshen takin tumaki, suka soke reshe a farkon damina. A mazhabar Imamu Malik ruwan da aka yi alwala da shi tsarkakakke ne, illa dai an karhanta a maimaita alwala da shi in akwai wani. Ga shi kuwa an sama masa aiki na biyu wanda babu karhanci a cikinsa. Ruwan wanki mai sabulu da kanwa shi ne abin gudu, domin yakan ƙone saiwa. Haka nan kada a matsa shuka jikin ginin ƙasa, don danshi na cin gindin bango, kada kuma a sa ta ƙarƙashin indararo, inda ruwan marka zai tone ta a dare ɗaya. Wanda ya fi son ya shuka iri, sai ya jiƙa shi kwanaki tukuna, gama ƙwayar lalle tana da taurin kai.

Ba lalle kaɗai ke zaune a wannan kusurwa ba. Akwai ɗoɗɗoya a cikin fasasshiyar tukunya, 'yar'uwar raihanin da Alƙur'ani ya ambata a Suratur Rahman, wadda ake sa wa a miya, a kuma ajiye reshenta kusa da shimfiɗa saboda sauro. Akwai zogale da fararen furanninsa, da yakuwa wadda furenta ke buɗewa da safe ya yanƙwane kafin yamma, ya bar jan zoɓorodo a gurbinsa. Sai kuma kariya, mai kumburarren gindi kamar 'yar kuka, wadda sai rani ya tsananta, ta zubar da ganye, ƙasa ta yi fari fat, sa'an nan take fitar da furanni jaja-jaja da ba su da na biyu a ƙasar nan. Ita kam babu mai ci, domin ruwan jikinta dafi ne wanda maharba suka sani, don haka gidan da ke da ƙananan yara sai a yi nesa da ita, amma duk da haka ana dasa ta, kuma ban ga abin da zai sa a dasa ta a cikin gida ba in ba sha'awar ido ba.

Babban abokin gaban wannan lambu ba fari ba ne, ba kuma gara ba ce, wadda toka ke rage mata ƙarfi, akuya ce. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi, kuma na tuna wata rana da akuyar gidanmu ta tsinke igiya ta share ɗoɗɗoyar kakata ƙarƙaf, wani almajiri da ke zaure ya so ya lallashe ta da wannan hadisi, sai ta dube shi ta ce, "Na ji, ɗan malam, Allah ya karɓa. Amma tashi ka saro mini ƙaya, sadakar bana ta isa haka." Kafin la'asar an kewaye kusurwar da ƙayar magarya, aka aza tsohon kwando a kan abin da ya saura, bayan mako biyu kuwa kututturen ya sake toho.