Abubuwan Mamaki Game da Tsatsa, Kafin a Mayar da Tsohuwar Mota Ɗaki

Wanda ya sayi tsohuwar motar kaya mai rufi, irin su Hiace ko Transit ko Sprinter, don ya mayar da ita ɗakin kwana na tafiya kamar yadda ake yayi a Turai da Amurka, ko shagon tafi-da-gidanka, ko motar ɗaukar marasa lafiya, hankalinsa kan tafi wajen katako da fenti da fitilu. Amma ranar da aka lulluɓe bangon motar da katako, ƙarfen da ke baya ya shiga duhu ke nan, ba mai sake duba shi sai ɓarna ta fito fili. Saboda haka ga wasu abubuwa da ya kamata mai motar ya ji tun cikinta yana fayau.

Tsatsa kumbura take yi. Idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin ya rikiɗe, yakan cinye wuri fiye da wanda yake ciki a da, wani lokaci har ninki shida. Da wannan ƙarfin take ɗaga fenti, take tsage haɗin walda. Ɗan ƙurjin da ake gani a gindin ƙofa yawanci daga ciki ya taso, ya gama cin ƙarfen kafin ya leƙo waje.

A 2016 ƙungiyar masana lalacewar ƙarafa ta NACE ta ƙiyasta cewa wannan ɓarna tana ci wa duniya dala tiriliyan 2.5 a shekara. Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. A 1980 Lancia ta sayo motocinta samfurin Beta daga hannun jama'a a Birtaniya aka murƙushe su, saboda tsatsa ta cinye inda injin ke zaune. A 2008 Toyota ta yi tayin sayen wasu motocin Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 a Amurka da farashin da ya ninka darajarsu sau ɗaya da rabi, don shasinsu ya ruɓe.

Gishiri ne babban mai laifi a can. Amurka kaɗai tana barbaɗa wa titunanta kimanin tan miliyan 20 a kowace shekara don narkar da dusar ƙanƙara, ƙasashen arewacin Turai ma haka suke yi. Ruwan gishiri yana gudanar da lantarki fiye da ruwan daɗi, ita kuwa tsatsa aikin lantarki ce a ƙanƙance. Ke nan motar da ta sauka a Kwatano ko Legas tana walƙiya tana iya zuwa da gishirin shekara goma a maƙale a ƙarƙashinta. Ta gida ma a tambayi tarihinta: wadda ta yi dakon takin zamani, ko gishiri, ko dabbobin da suka yi ta fitsari a dandamalinta, ta sha irin wannan wahalar. Wankin ƙarƙashi da ruwa mai ƙarfi, a bar ta ta bushe sarai, shi ne aikin farko, kuma ba a tsallake shi.

Maganaɗisu ba ya kama fila, wato abin da ake cike ramukan bodi da shi. A naɗe shi da ƙyalle a bi da shi jikin motar. Duk inda ya saki, mai gyaran bodi ya taɓa cike rami a wurin. Haka kuma sabon baƙin kwalta a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Kwalta idan ta tsufa tana tsagewa, ruwa ya shiga bayanta ya rasa mafita, ƙarfe ya yi ta ruɓewa alhali waje yana nan sumul.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne maganin da ake shafa wa tsatsa ta koma baƙa. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Ɗaya yana da asid ɗin fosforik, ɗaya kuma yana da tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, wanda majema suka daɗe suna jima da shi a Kano da Sakkwato. Idan tanin ya taɓa tsatsa sai ya mayar da ita wani abu baƙi mai sirkin shuɗi, wanda ba ya ci gaba da cin ƙarfe, har a iya ɗora masa fenti. Dukawa sun san wannan haɗuwar tun kafin a zuba ta a roba a sa mata farashi: baƙin rinin da suke jiƙawa da kashin maƙera, da ya sauka a kan fatar da ta sha bagaruwa sai ta yi baƙi ƙirin. Ƙarfe ne da tanin suka gamu. Sai dai maganin iyakarsa saman tsatsa. Dole a fara kankare ɓawon da burushin waya da samfefa, in kuwa ƙarfen ya huje, to magana ta koma wajen mai walda, a yanke a sa sabo.

Shi asid ɗin fosforik yana da shaida a Indiya. A birnin Delhi akwai wani ginshiƙin ƙarfe da ya haura mita 7, nauyinsa kimanin tan 6, yana tsaye a fili kimanin shekara 1,600 bai ruɓe ba. Maƙeran da suka yi shi sun bar sinadarin fosforas da yawa a cikin ƙarfen, shi ya taimaka wajen samar da wata siririyar fata da ta tsare shi. Akwai irin wannan asid a cikin Coca-Cola, shi ya sa ake ganin masu jiƙa noti a ciki. Yana ɗan yi, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma sukarin da zai bari a dandamalin mota gayyatar tururuwa ne.

Ƙarfe biyu mabambanta idan suka jingina da juna cikin danshi, ɗaya yakan ci ɗaya. Mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York fatarsa jan ƙarfe ce, haƙarƙarinsa baƙin ƙarfe. An raba su da wani shimfiɗi tun farko, amma da ya tsufa sai ya koma riƙe ruwa, haƙarƙarin ya kumbura ya lalace, har aka sauya sanduna kusan 1,800 a gyaran 1984 zuwa 1986. Wannan darasi ne ga masu gyaran mota a Turai da ke liƙa kwabon jan ƙarfe a kan ramukan sukuru da suka tarar a dandamali bayan sun ɗaga tsohon katako. Dabarar tana aiki ne kawai idan fenti da gam mai kauri sun hana kwabon taɓa ƙarfen motar. Haka abin yake ga sandunan alminiyam idan suka jingina da ƙarfen motar.

Ana kuma juya wannan halin ya zama kariya. Tutiya tana yarda ta lalace a madadin ƙarfe, ko da an karce ta. A 1824 Humphry Davy ya liƙa guntayen tutiya da baƙin ƙarfe a jikin jiragen ruwan yaƙin Birtaniya, jan ƙarfen da aka yi musu sulke da shi ya daina zagwanyewa. Sai wata matsala ta ɓullo: ashe zagwanyewar ce ke korar ciyayi da ƙananan halittun teku, da ta tsaya sai suka maƙale wa jiragen suka rage musu gudu, aka watsar da dabarar. A 1837 Stanislas Sorel na Faransa ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, asalin kwanon rufinmu ke nan. Motoci sun daɗe ba su samu ba; Audi 80 ta 1986 tana cikin na farko-farkon motocin jama'a da aka lulluɓe duk jikinsu da ita. Mai walda ya kula: hayaƙin tutiya yana saukar da zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan awoyi, madarar da ake sha kuma ba ta hana shi, iska da takunkumin ƙwarai ne ke hanawa.

Garin ƙarfen da ya zuba lokacin yanka taga ko huda rufi yana iya yin tsatsa a dare ɗaya, ya bar jajayen ɗigo a kan fenti. A share shi nan take, a shafe bakin kowace huda da fenti. Ko shatin yatsa a kan ƙarfen da aka goge yana barin gishirin gumi.

Ruwan da ya fi ɓarna a motar kwana daga cikinta yake fitowa. Kilo 1 na gas ɗin girki idan ya ƙone yana sakin tururin ruwa da ya haura kilo 1 da rabi, ga numfashin masu barci. Da asuba ƙarfe ya yi sanyi, tururin ya zama raɓa a bayan katako, ya gangara ƙasa. Masu ƙera mota sun bar ƙananan ramuka a gindin ƙofofi da ƙasan bango don ruwa ya fice. Wanda ya toshe su da kumfa ko gam da sunan gyara ya gina wa tsatsa tafki.

Wajen wanki akwai abin da ya shafi rai. Motar da ta daɗe a ajiye ba ta rasa kashin ɓera, kuma ta kashi da fitsarin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lassa. Kada a share shi a bushe. A jiƙa da ruwan bilic, a sa safar hannu, a kwashe. Bayan nan a ɗauraye wurin sosai, domin bilic kansa yana cin ƙarfe. Kada kuma a kuskura a gauraya shi da ruwan khal ko maganin tsatsa mai asid, iskar da za ta tashi guba ce, cikin mota kuwa ƙuntatacce ne. Tsatsa ita kanta ba ta jawo tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora. Ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take, tsohon ƙarfe hanya kawai yake buɗe mata. Allurar rigakafi ta fi komai.

Idan danshin iska ya yi ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, tsatsa kan yi sanyi sosai. Dalilin da ya sa sojan saman Amurka ke ajiye dubban tsofaffin jirage a hamadar Arizona, kusa da Tucson, ke nan. Mu a arewa hunturu ya ba mu wannan kyauta, don haka shi ne lokacin wannan aiki, muddin an samu rumfar da za ta tsare ɗanyen fenti daga ƙura.

WD-40 da kowa ke fesawa an haɗa shi ne a 1953 a San Diego, aka fara amfani da shi wajen kare jikin makamin Atlas mai linzami. Yana korar ruwa, yana kwance noti, amma siriri ne, ba ya daɗewa a ƙarƙashin mota. Baƙin mai da wasu ke watsawa yana lalata roba, yana gurɓata ƙasa. Abin da ya fi riƙewa a cikin kogunan bodi shi ne kaki mai ruwa-ruwa da ake fesawa ta siririn tiyo, ko maiƙon gashin tumaki, wanda ke hana ruwan sama ratsa tunkiya, ko da yake na ƙarƙashi yana son sabuntawa kusan kowace shekara. A gama walda da fenti tukuna, don kaki yana kama wuta kuma fenti ba ya zama a kansa. In zafin Afrilu ya zo aka ga yana ɗiga ta gindin ƙofa, ba matsala ba ce: ya narke ya bi ta inda ruwa zai bi, kuma ramukan a buɗe suke.